Kafin Ki Sa Kuɗin Adashinki a Gyaran Tsohuwar Motar Gida

Idan akwai tsohuwar mota a ƙofar gidanku, wadda tayoyinta suka sace har kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, ki sa ran wata rana maigida zai shigo da fara'a ya ce zai tayar da ita. Zai ce injinta lafiya lau, "ɗan aikin jiki ne kawai, sai fenti." A kan wannan "kawai" nake so mu yi magana, 'yar'uwa, domin sau da yawa a kan adashinki ko awakinki take ƙarewa.

A nan Illela motar da ake yi wa irin wannan ƙauna ita ce Peugeot 504, Fijo a bakinmu, da yayarta 404 akori-kura. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma waɗannan motoci su suka yi ta jigilar iyayenmu tsakanin Sakkwato da Illela da Birnin Konni, musamman ranar Lahadi da kasuwarmu ke ci. Saboda haka ban ga laifin namijin da ya kasa miƙa wa 'yan gwangwan motar mahaifinsa ba. Tamu ta surukina ce, Allah ya jiƙansa, kuma a cikinta aka kai ni ɗakina.

Mazanmu suna cewa ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa sai Legas. Da gaskiyarsu, amma rabi. Ranar nan tamu tana busar da robar gilashi ta tsattsage, ruwan damina ya bi ta nan ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramukan da aka yi don ruwa ya fita. Ƙurar hunturu ta toshe su, ƙofar ta riƙa ruɓewa daga ciki alhali fentinta na sheƙi. Ruwan batir yana cin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Akori-kurar da ta yi shekaru tana ɗaukar tumaki da gishiri da takin zamani kuwa, ba sai an faɗa miki halin da bayanta yake ciki ba.

Gyaran inji yana da iyaka: bakanike ya buɗe, ya lissafa abin da ya lalace, a saya. Aikin jiki ba haka yake ba. Mai gyaran jikin da ya duba tamu ya faɗa mini gaskiya: "Hajiya, ba a sanin kuɗin tsatsa sai an kankare fenti." Da aka kankare, abin da ake gani kamar tabon kwabo a gindin ƙofa ya zama rami da hannu ke shiga. Kuɗin da aka yanke da fari bai wuce ƙofofi biyu ba ya ƙare, ba a ma taɓa ƙasan motar ba. Kuma da zarar an warwatsa mota a gareji, ja da baya ya yi wuya. Ko a ƙara kuɗi, ko a bar ta a can rana da ruwa suna ƙarasa ta.

Aiki iri biyu ne, kuma ya kamata ki san bambancinsu. Na gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a yi waldar sabo, a shafa maganin tsatsa, sannan fenti. Yana cin kwanaki, yana cin kuɗi. Mai araha shi ne a cike ramin da ƙullun nan da suke shafawa, a goge, a fesa fenti. Ranar ɗauko mota sai ka ce amarya. Damina ɗaya ko biyu, fentin ya fara kumburi kamar ƙuraje. Maganaɗisu yana tona asirin wannan aiki, don ba ya kama inda ƙullun ya yi kauri.

Abin da ya fi damuna ba kyan motar ba ne. A 504 ta ɗaukar mutane, jikin shi ne ƙashin bayanta, kujeru a ƙarfen ƙasa aka ɗaure su. In ƙasan ya ruɓe, hayaƙin salansa yana iya shigowa ta ramukan, kuma yaranki ne a kujerar baya.

Ba cewa na yi ki hana shi ba. Amma kafin ki ba da ko sisi, ki roƙe shi a biya kuɗin kankarewa da dubawa kaɗai tukuna, a ɗaga shimfiɗa, a leƙa ƙasa da fitila, a rubuta kuɗin kowane sashe daban. A fara da ƙasa da birki, fenti ya zo ƙarshe. Kuɗin makaranta da na hatsin shekara kuma a ware su gefe tun kafin motar ta bar ƙofar gida.

Mu dai an yi waldar ƙasan tamu da ƙofofi biyu, aka tsaya nan. Tana zuwa Sakkwato ta dawo da launi uku a jikinta, yara suna kiranta zabuwa, Babansu kuma ya ce fenti sai bayan an sayar da albasa.