Kaka a Ƙetaren Gada: Ki Ja Maigida Ku Leƙa Kudancin Kaduna

Damina ta tattara nata ya nata, iska ta fara busar da leɓe, man shafawar yara ya fara ƙarewa tun wata bai raba ba. Idan kin leƙa waya a 'yan kwanakin nan, za ki ga mutanen Amurka suna fafe kabewa suna yi mata ido da haƙora saboda bikinsu na Halowin na 31 ga Oktoba, 'yan Ingila kuma suna cilla wuta sama a daren 5 ga Nuwamba. Mu dai kabewarmu miyar taushe ta sani. Amma mu ma kakarmu tana da nata shagalin. A Kaduna, daga Nuwamba har zuwa daren shiga sabuwar shekara, babban rabon shagalin yana ƙetaren gada, kuma so nake ki ja maigida ku je ku gani da idonku.

Na san abin da ya faɗo miki a rai. Tun rikicin Fabrairun 2000 da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya zama kamar katanga. Iyalai da yawa sun sayar da gidajensu, Musulmi suka koma arewa, Kirista suka koma kudu. Yau akwai saurayin da aka haifa a Kawo, ya gama jami'a bai taɓa taka Sabon Tasha ba, akwai budurwar Unguwar Romi da ba ta san hanyar Unguwar Sarki ba. Yaran nan ba su ga faɗan ba, tsoron kawai muka ba su gado. Ni a Barnawa nake zaune, inda har yanzu ake cakuɗe, kuma aikin jinya ya koya mini cewa a kan gadon asibiti babu mai tambayar ta wane gefen kogi ka fito.

Ku fito bayan azahar. Daga shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, keke zai tsallaka da ku gada ya sauke ku a shataletalen Tasha. Nan tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya nufi Kafanchan. Kasuwar da ke gefenta ta kayan marmari ce, kuma a wannan lokacin ƙanshin lemu ne zai fara yi muku maraba. Ga kankana, ga gwanda, ga rake an jingine shi dami-dami. Ki bar maigida ya yi cinikin, ke ki tsaya gefe kina dariyar yadda za a kwashe shi a tsaye.

Daga nan ku bi titin Kachia zuwa Kakuri. Dogayen gine-ginen da za ku gani shiru, ciyawa ta cinye harabarsu, masaƙu ne. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. A unguwar ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Waɗannan ma'aikatu, da matatar mai da aka buɗe a 1980, su suka tara Bahaushe da Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Ibo a wannan ƙasa ta Gbagyi, suka zauna gidan haya ɗaya, matansu suna aron turmi da taɓarya. Shi ya sa har gobe Hausa ce harshen ciniki a nan. Idan ranar Litinin kuka zo, ku shiga Kasuwar Monday. Sabuwar doya, sabuwar gyaɗa, acca, da cittar kudancin jihar mai yajin da ke sa atishawa, duk ki yi guzurinsu.

Ranar Lahadi kuwa, a watan Nuwamba, coci-coci na yin godiyar kaka. Ko daga bakin titi a Narayi ko Television za ki ga matan Zumuntar Mata cikin atamfa iri ɗaya, ɗauke da kwandunan doya da masara da kaji, suna waƙa da Hausa ana buga tulu. Duk wadda ta tashi a ƙauye za ta gane wannan farin cikin, na amfanin gona ya shigo gida lafiya.

Sai dai ainihin daɗin lokacin yana cikin gidaje. Ina da abokiyar aiki a Narayi da ita da mijinta suka mayar da yin cincin da kek hirarsu ta shekara. Da Disamba ta kai tsakiya, ranar da ba ta da duti, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ita ke auna fulawa da sukari da bota, shi ke murzawa, wai hannunsa ya fi ƙarfi. Ita ta yi faɗi da kwalba, shi ya yanka, suna musun wanda yankansa ya fi kyau. Ba su da oben. Babbar tukunya suke zuba wa yashi mai tsabta su ɗora a kan gawayi, idan ta ɗauki zafi su jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai aka zuba kwaɓin kek zuwa rabi, su rufe. Idan aka soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Ragowar kwaɓin cincin na yara ne: wannan ya gina kada, tunda daga kadduna garin ya samo suna, wancan ya gina dodo mai idon zabibi ya bi ƙannensa da shi suna ihu.

Rabin abin da suka soya ba a gidan ake cinye shi ba. A robobi ake ƙullawa, a aika wa maƙwabta da abokan aiki, kamar yadda mu ma muke aika musu naman layya. Tsohuwar al'adar Kaduna ke nan, kuma ba ta mutu ba. Gidaje da yawa ma Musulmi suke kira ya yanka musu kajin Kirsimeti don kowa ya ci hankali kwance. Idan kina da shakka a kan kek, ki tambaya kai tsaye ko an sa giya, domin wasu suna sawa. Ba wanda zai ji haushi. Ke ma kada ki je hannu rabbana: galan ɗin zoɓo da dambun nama sun isa gaisuwa.

Sai daren 31 ga Disamba. Da ƙarfe goma sha biyu ta buga, sararin Sabon Tasha da Narayi da Barnawa sai ya ɗauki ja da kore da ruwan zinare, ƙararrawar coci na tashi, masu mota na danna oda. Wannan kallon ba na kan titi ba ne. Ku same shi daga tsakar gida ko saman benen waɗanda kuka sani, kuma ku shirya inda za ku kwana tun da rana. Ki ɗauki mayafi mai kauri, ki zauna kusa da maigida da kofin shayi mai citta. Yaushe rabon da ku zauna ku biyu kuna kallon sama, babu zancen kuɗin makaranta?

Yanzu bari nas ta yi magana. Nokawut ɗin da yara ke saye a kanti ba abin wasa ba ne, kuma kusan kowace shekara 'yan sanda suna sanar da hana shi. A garin da ya taɓa jin ƙarar bindiga, fashewarsa na tsinka zuciyar tsofaffi da masu hawan jini. Mu kuma a asibiti muna ganin sauran: yatsun da suka tsage, idon da ya tafi. Mafi yawa yaro ne ya koma ɗaukar wanda bai tashi ba, ya fashe masa a hannu. Ga hunturu komai ya bushe, ga galan ɗin man janareta a lungu. Idan tsautsayi ya faɗa, ko na nokawut ko na man suyar cincin, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ki cire zobe ko awarwaro kafin ya kumbura, ki rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da ƙanƙara, kuma kada a fasa bororon. Idan ido ne, kada a murza, a rufe shi sama-sama a nufi asibiti. A Kakuri akwai Asibitin Gwamna Awan da na Saint Gerard.

Idan zuwan dare ya yi muku nauyi, na rana ya wadatar. Ku tafi da yaran, su ga masaƙun da suka tufatar da kakanninsu, su ci cincin a gidan da ba su taɓa shiga ba, su ji an kira su "yarana" da Hausar da ta ɗan bambanta da tasu. Zumunci a ƙafa yake, gadar kuma ba ta kai tafiyar minti biyar ba. Allah Ya nuna mana ƙarshen shekara lafiya, Ya zaunar mana da Kaduna lafiya.