Ƙafa Uku a Bakin Tafkin Dagona

Da sanyin asubahin wata ranar Janairu na isa bakin tafkin Dagona, kusa da Gashuwa a Jihar Yobe, inda tsuntsayen da suka tsere wa sanyin Turai ke cin hunturu tare da dinya da kirinjijiya. Na ɗauko kyamara da gilashin zuƙo nesa mai milimita 600, wanda ya fi kyamarar kanta nauyi. Wunin farko duka ya tafi a banza, domin kowane hoto ya fito dishi-dishi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gilashin da ke kusanto da tsuntsu kimanin sau 12 haka yake ninka kowane motsi, ko na iska ko na yatsa.

Wani dattijon masunci da ya daɗe yana kallona ya ce, "Malam, tukunyarka ta fi ƙarfin murhunka." Ya yi gaskiya. Na ɗaure mazaunin mai ƙafa uku a jikin kyamara, nauyi ya rinjaya gaba, na kuma ɗaga sandar tsakiya har ƙarshe.

Washegari na sake shiri. Na mayar da maɗaurin kan zoben gilashin, inda nauyi ke daidaita. Na sauke sandar tsakiya, na buɗe gaɓoɓin ƙafafun masu kauri kaɗai, na danna su cikin laka har suka taɓa ƙasa mai tauri. Na rataya jakar yashi a tsakiya tana ɗan taɓa ƙasa don kada iska ta kaɗa ta, na tsaya ta gabas ina tare hunturu da jikina. Sannan na sa kyamarar ta jira daƙiƙa 2 bayan na ɗauke hannu. Da hantsi na samu zalɓe a tsaye, ana iya ƙirga gashin wuyansa.

Wannan wahala tana da dalili. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗejiya da Nguru ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda zai nuna wa hukuma abin da ake asara, dole ya zo da shaida bayyananniya. Hoton da ya yi rawa ba ya shaidar komai.