Akwatin da Baba Ya Bari

Bayan an gama zaman makokin Baba aka raba ɗan abin da ya bari, sai ya rage wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ba mai so. Da aka buɗe, littattafai ne fal, wasu gara ta fara taɓa su. Yayana ya ce, “Ku kai wa mai ƙosai ta riƙa naɗe wa mutane, ai su ne suka hana shi tara komai.” Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji na ce, “Yaya, a bar min su.” Aka yi ta yi min dariya.

Gaskiyar magana, ni ma a lokacin ina jin haushin littattafan nan. Baba ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, aka rufe ta ba a biya shi haƙƙinsa duka ba, ya dawo gida da tari da hoton Malam Aminu Kano. Kullum zancensa talakawa da 'yan ƙwadago da jari-hujja, mu kuwa muna kwana da gari da ƙuli. A aji uku na sakandare aka cire ni aka yi min aure, kuma na daɗe ina ganin laifinsa ne.

Akwatin ya shekara biyu a ɗakina ina ɗora kwanuka a kai. Wata rana da rana, yara sun tafi Islamiyya, na gama littafin soyayyar da na karɓo haya, ba ni da na canji, sai na buɗe shi. Na zaro mafi kauri don in ga abin da ya ɗauke hankalin Baba. Ashe Das Kapital ne na Karl Marx, Bajamushen nan da ya rasu a Landan a 1883, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1867. Wallahi, 'yar'uwa, ban gama shafi biyu ba barci ya kwashe ni, na farka wake ya kama a tukunya. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi nake fara jan kunnenki a kai: kada ki soma da babban littafi. Wanda bai iya wanka a rafi ba, me ya kai shi kogi?

Abin da ya cece ni labari ne. A can ƙasa na tarar da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1983, da Hausa, kan talaka da masu danne shi. Kwana biyu na cinye shi. Daga nan na samu ƙarfin halin taɓa na Turanci, na ɗauki God's Bits of Wood na Sembene Ousmane, ɗan ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1960. Labarin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ne a layin Dakar zuwa Bamako, daga 1947 zuwa 1948. Na zaci zancen maza ne, ashe rabinsa namu ne. An hana su bashi a kanti, an tsinke musu ruwa, matan ne ke faɗi-tashin abin da za a ɗora. Akwai wata Ramatoulaye da ragon ɗan'uwanta mai kuɗi ya shigo ya cinye musu 'yar shinkafar da ta rage, ta kama shi ta yanka ta ciyar da mutane. Daga baya matan suka yi tattaki a ƙafa daga garin Thies har Dakar. Ina karantawa ina tuna Inna a shekarar da aka rufe masaƙa, yadda take ɗora tukunyar ruwa a murhu don kada maƙwabta su gane.

Sai Mother na Maxim Gorky, ɗan Rasha, na 1906. Tsohuwa ce da ta sha dukan miji, ɗanta yana aiki a masana'anta yana shigo da littattafan da hukuma ta hana. Tana tsoronsu kamar yadda na ji tsoron akwatin Baba, amma a hankali ta koma tuna baƙaƙen da ta manta, a ɓoye, har ta kai tana shigar da takardu masana'anta da sunan tallan abinci. Na ce, to in wannan tsohuwa ta iya, ni me zai hana ni?

Bayan waɗannan ne na koma wa littattafan ra'ayi, kuma ƙanana na zaɓa: The Communist Manifesto da Marx da abokinsa Friedrich Engels suka fitar a 1848, da Wage Labour and Capital, wanda bai fi kaurin littafin haya ba. Yanzu da na ci karo da kalma mai nauyi, sai fuskar wani daga cikin labaran nan ta faɗo min, maganar ta zauna.

Ga yadda nake yi, ko zai yi miki amfani. Lokacina biyu ne: bayan sallar asuba kafin yara su tashi, da tsakanin azahar da la'asar. Na asuba nake ba littafi mai wuya, domin kai bai ɗau hayaniya ba, na rana kuma labari. Mai wuyar shafi biyu kawai nake yi, ko da ina jin daɗinsa. Ina da ƙamus ɗin da ƙanen maigidan ya gama makaranta ya bari, da littafin rubutu guda. Duk kalmar da ta gagare ni sai in duba, amma ba na kwafe abin da ƙamus ya ce, sai in rubuta ma'anarta da Hausar bakina, in kawo misali daga tsakar gidana. In na kasa kawo misali, to ban gane ba ke nan, gobe in sake. Sannan kowane babi ina yi masa tambaya uku: wa ke yin aikin, wa ke da kayan aikin, wa ke cin riba? Na ƙarshe, in na fahimci abu sai in leƙa ta katanga in faɗa wa maƙwabciyata muna tsintar shinkafa. Ita ba ta yi boko ba, amma in ta ce “Ban gane ba, sake faɗa,” yawanci ni ce ban gane ba.

Tambayoyin nan uku su suka ja min rigima. Sana'ata ɗinkin hula. Wani Alhaji ke aiko yaro da yadi da zare, in yi kwana goma ina tsiyayar da idona a kan hula ɗaya, a kawo min ladana. Marx ya yi bayanin cewa mai ƙwadago ƙarfinsa da lokacinsa yake sayarwa. A wani yanki na aikin yake samar da daidai ladansa, abin da ya samar a sauran lokacin kuwa mai jari ke ɗauka. A littafina na sa wa wannan suna “rarar gumi”. Sai na aiki ɗana kasuwa ya tambayo kuɗin hula irin tawa. Na zauna da fensir na cire kuɗin zare, da yadi, da zane, da wanki, har na ware wa Alhaji na hayar rumfa da na hular da kan yi kwantai, don kada in zalunce shi. Abin da ya rage ya ninka ladana sau uku.

Na aika masa da girmamawa, na ce a gaishe da Alhaji, a roƙe shi ya duba ya ƙara. Amsar da ta zo ita ce masu ɗinki suna da yawa. Wata biyu ba a kawo min aiki ba, ga azumi ya matso. Maigidan ya ce, “Kin gani ko? Littattafan da suka tsiyata Baba za su tsiyata mu.” Daren nan na yi kuka, na kusa kai akwatin wurin mai ƙosai da kaina. Abin da ya fitar da mu shi ne mu huɗu a layinmu muka kwashi adashi muka sayi zare da yadi namu, ƙanen ɗayarmu yana kai mana kasuwa. Ba mu yi arziki ba, wata hular takan yi wata guda ba a saya ba, amma yanzu na san kuɗin idona.

Na san abin da ke ranki, don an faɗa min shi a fuska: ai littattafan gurguzu na marasa addini ne. Gaskiya ne Marx bai yi imani ba, kuma inda ya taɓa addini ni da shi mun raba hanya. Na ɗauki mudunsa na auna aikina, ban ɗauki aƙidarsa ba. Kuma kada ki haɗiye komai don yana cikin littafi. Shi kansa Baba ya ajiye Gandun Dabbobi, wanda Bala Abdullahi Funtua ya mayar Hausa a 1975 daga littafin George Orwell na 1945. Dabbobi sun kori mai gona don a yi daidaito, aladu suka zama sababbin iyayengiji, dokin da ya fi kowa aiki kuwa da ya tsufa aka sayar da shi ga mahauta. Hannunka-mai-sanda ne ga mulkin Stalin a Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a 1991. Don haka in kin karanta mai yabon abu, ki nemi mai sukarsa ki haɗa.

A gefen shafukan littattafan nan akwai rubutun Baba da jan biro, wani da boko wani da ajami. A wani wuri ya lissafa yadi nawa injinsa ke saƙawa a yini, ya rubuta albashinsa a ƙasa, ya ja layi biyu. Irin lissafin da na yi wa hulata ne sak. Na daɗe riƙe da shafin nan ina roƙa masa gafara, ina kuma neman tasa. Ya san abin da ake yi masa sarai, ƙarfi ne kawai ba shi da shi.

Yanzu babbar 'yata ta fara buɗe akwatin. Na ba ta labari tukuna, na ce ta wanke hannu daga manja kafin ta taɓa. Ke ma 'yar'uwa, ki duba ƙarƙashin gadon tsofaffinku kafin mai ƙosai ta riga ki. Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya sa albarka a guminmu.