Kafin ku sayi tayil, ku ɗaga kafet ɗin

Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, duk mai gyaran gida ya san inda kuɗin tayil da siminti suka kai. Shi ya sa nake son in faɗa muku abin da muka tarar a tsohon gidanmu na Jos.

Shirinmu shi ne a fasa daɓen falo a sa tayil. Da aka naɗe kafet ɗin, wanda ya fi shekara 20 a shimfiɗe, sai ga katako a jere, gam da ƙura sun mayar da shi baƙi ƙirin. Mai tayil ya ce a ɓamɓare kawai. Wani dattijon kafinta ya ƙwanƙwasa, ya caccaka da ƙusa ko gara ta shiga, sannan ya ce, "Alhaji, madaci ne fa. Yau ko da kuɗinka da wuya ka sami irinsa, an sare dajin."

Aikin dai ba wasa ba ne. Sai an zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, an kankare gam, an goge da samfefa mai kaushi, an bi da mai laushi, kullum ta tsawon katakon. Ƙura kuwa, ba mai shiga babu takunkumi. Guda 7 kacal gara ta ci, aka canja su, aka shafa man sheƙi sau uku.

Abin da muka kashe bai kai rabin kuɗin tayil ba. Tarin da autarmu ke fama da shi duk hunturu ma ya yi sauƙi, ashe kafet ɗin ne rumbun ƙura.