NESA TA ZO KUSA: TAFIYATA GUSAU, TSAFE DA BUNGUDU

Da yawanku kun aiko da tambaya a kan hoton dutsen da ke bangon sabon littafina, wasu ma sun rantse wai a ƙasar waje aka ɗauko shi. To wallahi nan gida ne, Dutsen Kwatarkwashi ne na jihar Zamfara, kuma ni na ɗauka da hannuna. Yau zan ba ku labarin tafiyar, da na gilashin da na yi aikin da shi, don na san akwai masu sha'awar sana'ar hoto a cikinku, tsadar kaya ce kawai take tsorata su.

Kyamarar tsohuwa ce, Yayana ya bar mini. Gilashin da ta zo da shi gajere ne, ya isa hoton biki ko suna, amma in kika saita shi ga tsuntsun da ke kan dutse sai ki ga ɗigo kamar ƙuda a bango. Dole sai da gilashin jawo nesa, wanda masu hoto ke ce wa mai zumin. A wani shago a Kano aka ajiye mini guda biyu. Na farko baƙi ne siriri, mai milimita 75 zuwa 300, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Na biyu fari ne ƙato, mai milimita 100 zuwa 400, ya haura kilo ɗaya da rabi, kuma yana da na'urar da ke hana hoto rawa in hannu ya motsa. Sabon farin ya ninka kuɗin baƙin fiye da sau goma.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, araha fa ba ta ado." Na ce, "Haka ne Alhaji, amma ai daidai ruwa daidai tsaki." Abin da ke jakata kuɗin adashe ne na wata goma, kuma da su zan biya maɗaba'a. Ko na hannu na ɗauka a farin, littafin da na yi shekara ina rubutawa zai ci gaba da kwana a ƙarƙashin katifa. Ina amfanin bango babu littafi? Na haska fitilar wayata cikin baƙin don in duba ko akwai fumfuna ko tsaga, na ɗaura shi a kyamara na gwada a bakin titi, na biya na fito.

Da kaka muka tashi, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Daga Funtuwa hanya ta miƙe, duwatsu suka fara leƙowa ta bayan gonakin dawa. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar nan ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, har a 2021 sai da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya na wani lokaci. Shi ya sa Gwaggona ta Gusau ta kafa mini sharaɗi tun kafin in taso: ba fita sai da Kawu, ba fita sai rana ta ɗaga, kuma la'asar ta same mu a gida.

Gusau gari ne mai kwarjini ba hayaniya. Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa shi a zamanin jihadi, kuma har yau sarautar garin Sarkin Katsinan Gusau ce, domin yankin a da ƙasar Katsina ne. Jirgin ƙasa da ya iso a layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, shi ya mai da garin cibiyar gyaɗa da auduga. Ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma ya zama babban birnin sabuwar jihar Zamfara. Da safe Kawu ya kai ni bakin Gulbin Sakkwato, inda na yi gwajin farko a kan balbelu da ke kiwo a tsallaken ruwa. Da na murɗa gilashin har ƙarshe, kai! Sai ga balbela ta cika mini ido kamar in miƙa hannu in shafa ta. Dalili shi ne ƙananan kyamarori irin tawa suna yanke gefen hoto, sai milimita 300 ta yi aikin kusan 480.

A nan kuma na ga halin mai araha. Duk yadda gilashi ya jawo nesa, haka yake jawo rawar hannu, ga shi nawa ba shi da abin hana rawa. Maganin da masu hoto suka sani shi ne a sa kyamara ta ƙifta da sauri, aƙalla kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, wanda kuma ba ya yiwuwa sai da wadataccen haske. To mu haske ai Allah Ya hore mana shi. Sauran dabarar a kicin na samo ta: na cika safa da wake na ɗaure, in na aza ta kan dutse ko tagar mota sai in kwantar da gilashin a kai, ya zauna daram.

Kwana biyu da zuwana muka nufi Kwatarkwashi. Garin yana kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, amma a ƙaramar hukumar Bunguɗu yake. 'Yan uwa, gani ya kori ji. Dutse ne baƙi sulɓi, ya tashi sama tsaye kamar katangar da ba hannun mutum ya gina ba, garin kuwa ya lafe a gindinsa kamar ɗa a bayan uwa. Sai da muka fara gaida dattawa Kawu ya nemi izini, sannan na fiddo kyamara.

Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mi kika zo nema?" Na durƙusa na ce, "Baba, maiki nake son gani." Ya yi murmushi ya girgiza kai, ya ce a da can kogunan saman dutsen nan gidan maiki ne, har garin ya yi suna da bikin kamun maiki tun zamanin Maguzawa, inda samari ke hawa su kamo shi don nuna jarunta. An daɗe da barin bikin, tsuntsun ma ya yi wuyar gani.

Allah sarki maiki! Fukafukansa in ya buɗe sun haura mita biyu. A 1973 wani irinsa ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan, a nisan mita 11,300 daga ƙasa, ba a san tsuntsun da ya taɓa kai nan ba. Amma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda gubar da ake zubawa a mushe, da masu farautarsa don haɗa magani. Na yi awa biyu ina duba kogunan nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga maiki ba, sai shirwa guda biyu suna shawagi. Gilashin nawa yana da nawa wajen kama abin da ke gudu, cikin hotunan shirwa sama da talatin huɗu ne suka fita. Farin nan da ya fi haka kamawa, wannan gaskiya ce. Amma dutse ba ya gudu. Na rage ƙofar haske zuwa lamba 8, na dawo da zumin baya kaɗan, domin irin waɗannan gilasan sun fi kaifi in ba a ƙure su ba. Hoton bangon littafina ke nan.

A Tsafe ma duwatsu ne suka yi wa gari rumfa. Sarkinsu 'Yandoton Tsafe ake ce masa, sunan da ya samo asali daga tsohon garin 'Yandoto, wanda ya shahara da malamai tun kafin jihadi, kuma tarihin Katsina ya ce daga can Muhammadu Korau ya fito. Da azahar muka isa, sai na ga duk abin da ke nesa yana rawa kamar a cikin ruwa. Zafin da ke tashi daga ƙasa ne, kuma wannan ko gilashin miliyan nawa kika saya ba ya maganinsa, haka ma hazo. Maganinsa sammako. Na kuma lura da wani abu: siririn baƙin nan yana shigewa jakar hannuna, hijabi ya rufe, ba wanda ya waiwaye ni. A hanya irin wannan, ƙaton farin gilashi kiran ido ne.

Ranar ƙarshe muka bi hanyar Sakkwato zuwa Bunguɗu, garin Sarkin Fulani. A bakin gulbi na hango 'yan mata suna wanki, rana ta bugi ruwan yana walƙiya. Daga inda nake zan iya ɗaukar fuskar kowacce ba ta sani ba, kuma nan ne haɗarin dogon gilashi. Na tuna yadda zan ji in na ga hotona a wayar wani ƙato ban san sanda aka ɗauka ba. Sai na taka na je na yi sallama. Biyu suka yarda, sauran suka ce a'a, na bar su. Biyun nan kuwa sai da na nuna musu, suka yi ta dariya suna cewa, "Yaya, ashe haka muke da kyau?"

To ƙannena, ga shawarata. In aikinki hoton dare ne, ko 'yan ƙwallo a guje, ko kina da masu biyanki da tsoka, tara kuɗi ki sayi mai tsada, zai biya kansa. In kuwa koyo kike, kuma da rana za ki yi aiki, mai araha ya ishe ki. Ki duba shi da fitila kafin ki biya, ki tanadi ƙyalle mai laushi saboda ƙura, kada ki taɓa saita shi ga shingen jami'an tsaro, kuma kada ki ci bashi don ki burge kowa. Canjin da ya rage ki sa shi a abin da zai amfane ki, kuɗin jarrabawa ne ko jari.

Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya kawo ranar da za mu kwashi 'yan makaranta mota guda mu je gindin dutsen nan ba fargaba. Ina gaida Gwaggo da Kawu da suka yi ɗawainiya da ni.