Labarin Magunan Tsibirin Lamu: A Ba Su Abinci Ko A Hana?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani tsibiri da Allah ya nufe ni da zuwa cikin hutuna, da wata magana da na taras ana gardama a kanta can. Maganar kuwa ta maguna ce, watau kyanwowin gari waɗanda ba su da ubangida. Na san wani zai yi dariya, ya ce don me akawu zai ɓata tawada a kan mage. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, gama akwai hakkin rai a ciki, akwai kuma lafiyar mutane.

Sunan tsibirin Lamu. Yana bakin Tekun Indiya, a gaɓar ƙasar Kenya wajen arewa, ba nisa da iyakarta da Somaliya. Mutanensa Sawahili ne, Musulmi, 'yan mazhabar Shafi'i. Garin ya fi shekara 700 ana zaune cikinsa ba a taɓa tashi ba, sabo da haka a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Jirgin sama ba ya sauka a tsibirin, sai a wani da ke daura da shi, ana ce masa Manda, daga nan a shiga jirgin ruwa a ƙetare. Gidajen garin na dutsen teku ne da farar ƙasa, azararsu ta wani itace ce mai tsiro cikin ruwan gishiri, ƙofofinsu kuwa an sassaƙa su da zane mai ban sha'awa. Lungunan suna da ƙunci ƙwarai, har in ka yi karo da jaki ya ɗauko kaya sai ka manne da bango ya wuce. Jaki shi ne motar garin, sai 'yan babura da suka shigo daga baya. A tsakiyar gari akwai ganuwar yaƙi da aka gama ginawa a 1821, wadda ta zama gidan yari daga 1910 har 1984. Akwai kuma masallacin Riyadha na Habib Swaleh, inda a ke taron Mauludi ko wace shekara, mutane su zo daga ƙasashe da yawa.

Wajen mil 2 kudu da gari akwai wani ƙauye, Shela. Daga nan farin rairayi ya miƙa a bakin teku wajen mil 7, da tuddan yashi a bayansa, waɗanda a ƙarƙashinsu ne ruwan shan tsibirin ya ke. A Shela masu yawon shan iska su ke sauka, yawancinsu Turawa, a can ni ma na sami masauki.

Duk inda ka juya a garin nan sai ka ga mage, a kan dakali, a ƙofar masallaci, a inuwar jirgin da aka jawo tudu. Da Sawahili “paka” a ke ce mata. Ƙirarsu dabam ce da tamu kaɗan, dogayen ƙafafu gare su, da siririn jiki, da tsukakkiyar fuska, da manyan kunnuwa. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Jack Couffer, ya buga littafi a kansu a 1998, ya yi zaton jinin magunan Masar ne na zamanin Fir'auna, sabo da kamarsu da gumakan da a ke tonowa can. Wannan zato ne kawai. Abin da ya tabbata shi ne, tun zamanin da jiragen fatake masu filafilai su ke bin iska suna kai da kawowa tsakanin gaɓar nan da ƙasar Larabawa da Indiya, masu jirgi kuwa ko ina a duniya su kan tafi da mage don ta tsare musu guzuri daga ɓeraye.

Da safe, in masunta suka komo, nan bakin ruwa su ke feɗe kifi, su jefa wa magunan hanji da kawuna. Ko wane garke da iyakarsa, in baƙon muzuru ya ƙetare sai faɗa. Masu kanti kuma su kan ajiye musu ruwa a ɓawon kwakwa. Ban ga yaro ko ɗaya ya ɗauki dutse ya jefi mage ba, kwanana 12 a tsibirin.

To, ga inda gardamar ta taso. A masaukinmu akwai wata Baturiya mai tausayi, ko wane dare in an kawo abinci sai ta gutsura ta miƙa wa wata ramammiyar mage a ƙarƙashin tebur. Daren farko mage ɗaya ce, dare na huɗu na ƙirga 9. Ran nan wani muzuru ya yi tsalle ya hau teburin waɗansu baƙi, ya sure kifi, yaronsu ya kai hannu, ya sha yakushi. Kashegari mai masauki ya manna takarda cewa kada a ba maguna abinci wurin cin abinci. Baturiya ta ce wannan rashin imani ne, ta yaya mutum zai ƙoshi alhali ga mai rai yana kallonsa da yunwa? Mai masauki, wani dattijo mai sanyin magana, ya amsa mata ya ce, “Uwargida, ke jibi za ki tafi. Su kuwa nan za ki bar mini su, sun koyi hawa tebur, sun manta hanyar bakin ruwa.”

Maganar Baturiyar nan ba abin rainawa ba ce, balle gare mu Musulmi. Malamanmu sun san hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta sabo da mage, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba har ta mutu. Sun san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an bayyana cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu cikin gida. Ko sunan Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo shi. Wanda duk ya tashi da wannan karatu ba zai iya kallon mage mai yunwa zuciyarsa ba ta motsa ba.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Bari mu yi lissafi irin namu na akawu. Mage ta kan ɗauki ciki tun tana da wata 5 ko 6, cikinta sati 9 ne, ta kan haifi 'ya'ya 3 zuwa 5, a ƙasar zafi kuwa ba ta da lokaci, sai ta haihu sau 2 ko 3 a shekara. In abinci ya yi yawa a wuri, maguna na nesa su taru, haihuwa ta ƙaru, 'ya'yan da za su rayu su ƙaru. Abincin baƙi kuwa ba mai ɗorewa ba ne. Baƙi su kan cika Lamu daga Disamba zuwa Maris, da kuma wajen Yuli da Agusta, amma in damina ta kankama cikin Afrilu da Mayu sai wuri ya yi tsit. A 2020 ma, lokacin annobar korona, Gwamnatin Kenya ta tsai da jiragen fasinja na ƙasashen waje daga 25 ga Maris har 1 ga Agusta. Garken da aka tara da ragowar tebur, wa zai ci da shi a irin wannan lokaci? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A ganina, wanda ya saba wa dabba da hannunsa har ta bar neman nata, sa'an nan ya yi tafiyarsa, ya ɗaure ta ne da igiyar da ba a gani.

Sai maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, amma mage ma tana ɗaukarsa, tana kuma ba mutum. Wanda ta ciza ko ta yakusa, sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya nufi asibiti ran nan, gama in alamar ciwon ta bayyana magani ya ƙare. Kashin mage kuma, wanda ta ke binnewa cikin rairayi, yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa mai shiga fatar ƙafar wanda ke tafiya ba takalmi, da wata ƙwayar cuta mai lahani ga ɗan da ke cikin mace mai juna biyu. Ita kanta magen, abincinmu ba duka ne ya dace da ita ba. Albasa da tafarnuwa suna ɓata mata jini, madara kuwa ta kan sa babbar mage zawo, ga shi shinkafar Sawahili ba ta rabuwa da albasa.

A waɗansu tsibirai abin ya wuce nan. A tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu an kai maguna 5 a 1949 don su kama ɓeraye. Zuwa 1977 sun kai wajen 3,400, suna cinye tsuntsayen teku dubbai ɗaruruwa ko wace shekara, ba a rabu da su ba sai a 1991, bayan wahala mai yawa. A Hawayi ta ƙasar Amurka kuma akwai wata dinya, ana ce mata “nene”, wadda wajen 1952 saura kamar 30 suka rage a duniya, da ƙyar aka ceto irinta. A 2023 hukumar gandun daji ta can ta sa aka kwashe kwanukan abincin maguna daga wata kasuwar masu shan iska a Waikoloa, domin dinyoyin sun koyi zuwa ci tare da magunan, ga haɗarin mota, ga na cuta. Masu ciyar da magunan suka yi zanga-zanga. Kowa cikinsu tausayi ya ke ji, sai dai wani na mage, wani na tsuntsu.

Lamu ba Mariyon ba ce. Magunanta 'yan gari ne tun kaka da kakanni, suna da aikin yi, gama garin da ke da rumbunan shinkafa da busasshen kifi da tsofaffin magudanai, in babu mage ɓera ne sarki. Kashe su da guba kuma, ban da zunubi, ba ya magani, domin muddin abinci na nan waɗansu za su zo su maye gurbin. Dabarar da likitocin dabbobi suka fi yarda da ita ita ce a kama su, a sa musu maganin barci, a fiɗiye muzurai, a cire wa mata mahaifa, a yi musu allurar haukan kare, a ɗan yanke bakin kunne ɗaya don shaida, sa'an nan a mai da ko wace inda aka kamo ta. Amma sai an yi wa mafi yawansu, an kuma dinga yi ba fashi, kafin a ga raguwa. A Lamu an buɗe asibitin jakuna tun 1987, daga baya kuma aka kafa wani gidan maganin dabbobi na taimako don irin wannan aiki na maguna da karnuka.

Tsarin ciyarwa mai ɗorewa ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Masu tarihi sun rubuta cewa Sarkin Masar Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wata gona a Alƙahira don ciyar da magunan birni. Ga sadaka mai gudana, ba ta dogara ga zuwan baƙo ko tafiyarsa ba.

Ga shawarata ga duk wanda ya je irin wannan wuri. Na farko, kada ya ba mage abinci a tebur, ko a ɗakin kwana, ko kusa da madafa. Na biyu, ruwa mai tsabta ya ba ta ko yaushe, wannan ba ya jawo kome sai lada. Na uku, in zuciyarsa ta ƙi haƙura, ya tambayi 'yan gari inda su ke ciyar da su da abin da su ke ba su, ya bi sawunsu. Na huɗu, kuɗin da zai kashe wajen sayen kifin kwana 7, gara ya kai wa masu fiɗiya da allura, amfaninsa ya fi daɗewa. Na biyar, inda hukuma ta hana don kare waɗansu halittu, ya bi doka. Kada kuma ya bar yara su ɗauki magen da ba su sani ba.

Mu ma a garuruwanmu muna da maguna a kasuwa da mahauta da bayan gidajen abinci. Abin kunya ne yadda yara su ke jifarsu manya suna kallo, da yadda waɗansu su ke cewa baƙar mage ta dare mayya ce. Ya kamata malaman makaranta su ja kunnen almajiransu a kan wannan.

Daga ƙarshe ina da tambaya ga malamanmu masu karanta jaridar nan. Shin ya halatta a fiɗiye mage, in an yi ba tare da azaba ba, don a hana ta haifar 'ya'yan da yunwa za ta kashe? Wanda kuma ya saba wa magen gari da abinci, sa'an nan ya daina ko ya yi tafiya, akwai hakkinta a wuyansa? Na ji malamai sun saɓa a kan ta farko, ina so a warware mana da hujja a wannan fili, mu ƙaru. Allah ya sa mu ji tausayin abin da ke ƙasa da mu, ya kuma ba mu hankalin yin alheri yadda zai yi amfani, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.