Yadda zum ɗin waya ya fidda Hajiya Babba daga hoto

 Wani abu ya faru gidanmu nan Maraɗi bayan dawowar alhazai, na daɗe ina juya shi a rai, in rubuta ko in bari. Na rubuta ne don na san ba ni kaɗai ke haɗa hotuna a waya ba. Yanzu ko wace fada ka zauna akwai mai montaj ɗinta, biki, suna, saukar karatu, duk shi ake turo ma hotuna.

Baba ya sauke farali bana. Da aka sa ranar walima sai yayyena suka ce, Auta, kai da waya ba ta fita hannunka, haɗa muna hotunan tsoho tun yana saurayi har zuwa na Arfa, a tura gurup ɗin dangi. Na ce an gama. Aka tattaro hotuna 34, wasu daga wayoyi, wasu daga wani tsohon albom da ke ƙasan akwatin Baba. Cikinsu akwai ɗaya baƙi da fari da aka ɗauka a 1983, zamanin Kunce. Baba zaune tsakiya da babbar riga. Hajiya Babba, uwargidanshi, a damanshi, riƙe da jariri wanda ni duk tsawon rayuwata na ɗauka Yaya Babba ne. Inna mahaifiyata a hagunshi, lokacin tana amarya. Sai ƙannen Baba biyu tsaye, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Ku riƙe wanga tsari, a nan maganar take.

Na buɗe aplikasiyo, ba zan faɗi sunanta ba don ba ita ta yi laifi ba. Na zaɓi irin tsarin nan da aka riga aka shirya, wanda kai dai zuba hotuna za ka yi, shi ya motsa su da kanshi: wanga ya matso kusa, wancan ya zame gefe. Minti ashirin na gama. Na kalla sau ɗaya ina shan shayi ina fira, na ga abu na tafiya sumul, na tura wajen ƙarfe sha ɗaya na dare.

Gurup ɗinmu ba ya shiru. Mutum sama da sittin ne, daga Yamai, Damagaram, Kano, har Abijan. Ko hoton tuwo ka sa sai an yi ta masha Allah. Da safe na duba, mutum uku kawai suka yi magana, su duka ƴan ɗakinmu. Sai ga saƙon Yaya Babba, ba cikin gurup ba, ni kaɗai ya turo ma: "Auta, ka kyauta." Wanda ya san Hausa ya san wanga ba yabo ba ne. Kafin azahar yayarmu ta Yamai ta fice daga gurup ɗin. Inna ta kira ni ɗaki, ta tura ƙofa, ta ce shekara arba'in da wani abu tana zaune da baiwar Allah nan ba a taɓa jin kansu ba, yau ni zan sa ta a bakin duniya.

Na koma na sake kallo, wanga karo da ido biyu. Da aka zo kan hoton 1983, ya buɗe bisa fuskar Baba, ana ɗan ganin kafaɗar Hajiya Babba da bakin gyalenta. Sai hoton ya fara matsowa yana zamewa a hankali wajen Inna. Cikin sakan biyu Hajiya ta ɓace baki ɗaya. Ya je ya tsaya cak, Baba da Inna su biyu, kamar hoton amarya da ango, ga ƙasida na tashi. Wallahi ni kaina da wani ya haɗa shi ya turo mani, sai in rantse da gangan ya yi.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Hoton a kwance yake, faɗinshi ya fi tsayinshi. Bidiyon kuwa a tsaye na haɗa shi, irin na status, wanda ake rubuta ma 9:16. In ka ce hoto na kwance ya cika allon tsaye, ba ya shiga. Ɗauki hoton waya na yau da kullum, ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye: abin da allon tsaye zai nuna bai kai ɗigo 1700 na faɗin ba. Ka ga fiye da rabin hoton yana waje tun kafin a motsa komi. Ko a allon kwance irin na talabijin, 16:9, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ke tafiya, shi ya sa kake ganin an sare ma mutane hula. To sai ka ƙara zum bisa wannan, ka kuma bar ma inji ya zaɓi inda zai nufa. Inji bai san uwargida ba, bai san amarya ba.

Da na shiga bincike sai na tarar abin har suna gare shi. Wani Ba'amurke mai shirya fim ɗin tarihi, Ken Burns, ya fidda fim a 1990 kan yaƙin basasar Amurka. Yaƙin an yi shi daga 1861 zuwa 1865, ba hoto mai motsi a lokacin, sai na kati. Sai ya riƙa tafiya da kyamara a hankali bisa tsofaffin hotunan, daga fuskar wanga soja zuwa ta wancan, har mai kallo ya manta hoto tsayayye yake kallo. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, amma ta bi sunanshi, har kamfanin Apple ya sa sunan cikin iMovie a 2003. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, shi wancan mutum yana zaunawa ya yanke shawarar fuskar da za a fara gani da wadda za a ƙare a kanta. Mu kuma mun karɓi motsin mun bar shawarar.

Alhali hanyar riƙe linzamin tana nan cikin wayar, ban taɓa latsa ta ba. Masu waya da Faransanci suna ganin an rubuta image clé, ni turke nake ce mishi don haka yake aiki. Kusan duk manyan aplikasiyon montaj suna da shi. A CapCut misali wata ƴar alama ce mai kama da lu'ulu'u. Ka tsaya a farkon hoto, ka daidaita shi da yatsu biyu yadda kake so a fara ganinshi, ka kafa turke. Ka matsa zuwa ƙarshe, ka sake daidaita shi, girma da wuri, ka kafa na biyu. Tafiyar da ke tsakanin turakun nan biyu waya ce ke cika ta. In kana son hoto ya tsaya, sai ka kafa turke biyu iri ɗaya, tsakaninsu ba abin da zai motsa. Wanga na ƙarshe shi ne mutanenmu ba su yi. Hoto na shigowa ya fara gudu, tsoho bai gama gane ko wane ne a ciki ba an wuce. Ni yanzu sai na bar hoto sakan ɗaya ko biyu cikakke kafin ya motsa, kuma zum ɗin ba ya wuce daga 100 zuwa 110 ko 115. Ya isa. Abin da ya fi haka jiri yake sa mutane, ballantana in ko wane hoto na shiga da fita kamar lilo. Wasu hotunan ma ba su son motsi ko kaɗan, a bar su su zauna.

Na zauna dare guda na sake aikin. Hoton 1983 na bar shi ya fito duka, har ƙannen Baba, sama da ƙasa na cike da duhu. Sannan na kai zum kan Hajiya Babba, ita ce farko don ita ce babba, sakan uku. Baba sakan uku. Inna sakan uku. Har da agogo na auna, kamar mai rabon gado. Na ce yanzu ba wanda zai ce an cuce shi.

Kafin in tura sai na ce bari in nuna ma Gwaggo, ƙanwar Baba, don ita ce ba ta ɓoye magana. Ta sa gilashi ta kalla, ta ce in maido baya. Ta sake kallo. Sai ta aje wayar bisa tabarma ta ce, "Kai Auta, har yanzu ba ka gane ba. Kana tsammani kishi ne? Matar da ta yi ma uwarka wankan jego sau shida?"

Na ce, "To mi ne ne, Gwaggo?"

Ta ce, "Yaron da ke hannunta wa ka ɗauka?"

Na ce Yaya Babba.

Ta ce a'a. Yaya Babba sai bayan shekara biyu aka haife shi. Wancan ɗan farinta ne. Ƙyanda ta ɗauke shi shekarar El-Buhari, yunwar 1984 da tsofaffinmu ba su son tunawa. Kuma duk duniya ba shi da wani hoto sai wanga. Ta ce kun taso ba ku taɓa jin sunanshi a bakinta ba, ɗan fari ne, ko yana raye ba za ta faɗa ba, ballantana. Da ta ji ana cewa an sa tsofaffin hotuna, sai ta sa jikarta ta buɗe mata, tana jira ta gan shi. Hoton ya zo, ya juya mata baya ya tafi.

Na duba sabon aikin da nake taƙama da shi. Sakan ukun da na ba Hajiya, fuskarta na cika allo da ita. Yaron yana ƙasa, wajen allo. Sau biyu kenan na fidda shi, na biyun ma da hannuna.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Fuskar yaron a katin ba ta kai farcen babban yatsa ba. Hoton da na yi aiki da shi kuma wani ya ɗauke shi da filashi ya turo ta WhatsApp, shi kuwa WhatsApp rage nauyin hoto yake in ba a zaɓi HD ba ko a tura shi kamar takarda. Ina jan zum fuskar na narkewa. Dalili a fili yake: bidiyo mai kyau yana son ɗigo 1920 ta dogon gefe da 1080 ta gajere, in ɗan wurin da ka matso bai da ɗigon da zai cika su, sai waya ta ƙaga na ƙarya, shi ne dishi-dishin nan. Zum ba ya ƙara abin da babu.

Na je na roƙi Baba albom ɗin. Da hantsi na shimfiɗa katin ƙarƙashin inuwar bedi, ba filashi, na goge idon kyamara da bakin riga, na dafa gwiwar hannu bisa turmi don kada hannu ya yi rawa. Na ɗauki katin duka sau ɗaya. Sannan na matso da wayar kanta, ba da zum ba, na ɗauki Hajiya da yaron su kaɗai. Na yi ta ɗauka har na samu wanda ya fito. A nan na fara ganin yaron sosai. Ashe idonshi buɗe yake, yana kallon mai hoto, ga laya a wuya, hannu ɗaya ya damƙe bakin gyalen uwar.

Wanga karo ban yi rabon sakan ba. Hoton ya fito duka ya tsaya. Sai ya taho sannu sannu wajen Hajiya, ya sauka bisa hannuwanta, ya tsaya nan ya daɗe. Na sa tafiyar ta fara a hankali ta ƙare a hankali, don kada ta tsaya kamar an taka birki. Na nuna ma Inna, na ce ita ba a matso da fuskarta ba fa. Ta ce wa ya tambaye ka fuskata.

Ban tura gurup ba. Bayan la'asar na yi sallama ɗakin Hajiya Babba, na durƙusa na gaishe ta, na ce Hajiya a yi mani aikin gafara, ga shi na gyara. Ta ce ba komi Auta, ai yaro ba ya laifi. Ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da ido. Aka wuce hotunan samartaka, aka zo wurin. Ba ta ce komi ba har ya wuce. Ta miƙo mani ta ce in maido. Na maido. Sau huɗu.

Sai ta ce, "Wanga abu ana iya tsaida shi?"

Na ce ana iyawa, Hajiya. Na dafa allon ya tsaya daidai bisa yaron. Ta ce to bar mani ita nan, je ka yi alwala, an kusa kira.